Kwalaben Baba Direba

Surukina direban bas ne tun kafin a haifi mijina. Yana kan hanya har gwiwarsa ta dama ta fara yi masa gardama da birki, kamfani ya sallame shi da fansho ɗan kaɗan. Duk layinmu Baba Direba ake ce masa. Tun rasuwar Inna, matarsa, muke zaune tare, shi a ɗakin da ke kusa da ƙofa, mu daga ciki.

A dangi an san shi da tsaraba. Bai taɓa shiga gidan ɗa ko 'ya hannu rabbana ba, ko da lemo ne sai ya riƙo. Da aiki ya ƙare, ziyara ma sai ta ƙare. In an ce ya leƙa jikoki, ya ce gwiwa. Amma gwiwar ba ta hana shi takawa tasha ya zauna da tsofaffin abokan aiki ba. Ni na gane rashin tsaraba ne.

Wata safiya ina wanke-wanke na ji gyaran murya a ƙofar kicin. Tunda na zo gidan ban taɓa ganin ƙafarsa a wurin ba.

"'Yata, gyaɗar nan mai suga da marigayiya ke yi wa yara, kin iya ta?"

"Na iya, Baba. Bari in yi maka."

"A'a. Koya mini za ki yi."

Kunya ta kama ni, shi ma ta kama shi. Haka muka tsaya gaban risho, ina bayani ina kallon ƙasa, yana juyawa yana kallon bango. Tukunyar farko ta ƙone ƙurmus. 'Yata ta fari, wadda suke wasan jika da kaka, ta leƙo tana toshe hanci.

"Angona, da wannan za ka riƙe ni? To na fasa auren."

"Tafi can, ke da ko ruwan zafi ba ki iya dafawa ba," in ji shi, yana kankare gindin tukunya.

Bai karaya ba. Kafin wata ya ƙare gyaɗarsa ta fi tawa, don shi yana da haƙurin da ni ba ni da shi. Ya ce wuta kamar gangara take, ba a sakar mata giya. Da mangwaro ya yi araha ya matsa mini sai da muka koyi jam, wato a dafa shi da suga har ya yi kauri. Ya bi maƙwabta yana karɓar kwalaben da suka gama da su, ya jiƙa su, ya ɓare takardun jikinsu, ya tafasa, ya kife a kan tire suna ƙyalli.

Ɗinki kuwa ba wanda ya koya masa. Direban da ya daɗe a hanya ya saba ɗinke kujerar da ta yage. Wani abokinsa mai gyaran kujerun mota ya riƙa tara masa guntayen fata da ake zubarwa. Da basilla da zare mai ƙarfi ya fara fitar da jakar makaranta, gidan tabarau, 'yar jakar makulli. Launin ba ya haɗuwa, gaba ja baya ruwan toka, amma ko jaki ya ja ɗinkin ba zai saki ba.

Ana haka labari ya kai wa babbar 'yarsa, wadda muke kira Yaya Babba. Ta iso da rana tsaka, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, me muka rage ka da shi? Ana cewa mun bar ubanmu yana bin gidaje yana tsintar kwalba!"

Ta juyo kaina. "Ke kuma kina kallo, surukinki a gindin murhu?"

Baba ya ajiye basilla, ya nuna mata tabarma.

"Zauna, uwata. Ita ba ruwanta, ni na roƙe ta. Ba ku rage ni da komai ba. Ci nake, sha nake, magani ba ya yanke mini. Amma kowa ba ni yake yi. Ni ma ina so in yi sallama a ƙofarki in miƙa miki wani abu, ki ce an gode."

Ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado, shuɗiya, mai aljihu a ciki daidai wayarta. Ya ce tata ce, rataya kawai ta rage. Yaya Babba ta juya ta, ta shafa ɗinkin. Can ta ce ratayar kada ta yi tsawo, ba ta son jaka tana dukan ƙugunta. Bayan kwana biyu ta aiko da kwali cike da kwalabe, a wanke tas.

Yanzu kowane gida a dangi yana da nasa jam ɗin. Na ƙanin mijina ba a cika suga, saboda matarsa. Na autar Baba sai da citta. In ya shirya fita ni nake jera masa kwalaben a kwando, ina cusa tsumma a tsakaninsu, yana tsaye a kaina yana ba da umarni kamar ana lodin mota.

Rannan a wurin aiki wata ta ɗauki gidan tabarauna tana tambayar shagon da na saya. Na ce ba na sayarwa ba ne, surukina ne ya ɗinka mini. Ta ce, "Surukarki dai?" Na ce, "Surukina, namiji, direban bas." Sai da na maimaita mata, kuma na ji daɗin maimaitawar.

Da na dawo na tarar da shi a tsakar gida ya baza ɓawon lemo a faranti. Wai ya ji ana dafa shi da suga, kuma bai ga dalilin da za a riƙa zubar da shi ba.

"'Yata, ajiye jakar ki zo ki ɗanɗana. Ki faɗi gaskiya fa, ban da kara."

Na ɗanɗana. Da ɗaci. Na faɗa masa, ya gyaɗa kai, ya ce gobe zai ƙara jiƙa shi.