Ranar da Yaya ta ƙi karɓar "da sauƙi"

Shekarun baya, a makona na farko a jami'a a Riyadh, na leƙa ta tagar masaukin ɗalibai na hango wasu mata zaune kan darduma da fulas na kunun gyaɗa, suna dariya da Hausa. Na sauko ko mayafi ban gyara ba.

Ƙungiyar 'yan uwa mata ce ta ɗalibai Hausawa. Ni da littattafan soyayya suka raina, nan take na tsara yadda za a yi: ɗayarsu za ta gayyace ni walima a unguwar Suwaidi, yayanta dogo mai saje ya buɗe ƙofa, idanunmu su haɗu. Maimakon haka sai aka haɗa ni da Yaya, domin duk sabuwa sai an ba ta babba mai kula da ita. Tawa 'yar Damagaram ce, gajeriya, bakinta kamar reza.

Ita ta ba ni tarihin ƙungiyar. A Madina aka fara, bayan wata ɗaliba ta kwanta ciwo. Duk wanda ya kira ta a waya sai ta ce "da sauƙi", har aka buɗe ɗaki aka tarar da gawa. Waɗanda suka yi mata wanka su suka kafa ƙungiyar, ɗayarsu ta kawo reshe Riyadh. Dokar farko: ba a karɓar "da sauƙi" sai ido ya gani.

Ana cikin jarrabawa ƙawata, wadda muke ɗaki ɗaya, ta tashi da ciwon ciki. Kafin azahar tana amai, jikinta kamar garwashi. Na kira Yaya, na kuma kira mushrifa, Balarabiyar da ke kula da masauki. Mushrifa ta riga isowa, ta tambaye ta jiki da Larabci.

Ƙawata ta cije leɓe ta yi murmushi. "Alhamdulillah, ahsan." Wato da sauƙi.

Na ce ba haka ba ne, amma Larabcina a lokacin na littafi ne, na kasa yi mata bayani. Mushrifa ta ga mai ciwo da bakinta ta ce ta samu sauƙi, ta ce ta sha magani ta huta, gobe a duba. Ta juya za ta fita, sai ga Yaya a bakin ƙofa tana haki.

"Ke, ya jikin?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Sauƙin gidanku! Miƙe ƙafar damar nan in gani."

"Yaya, gobe ina da Nahawu. In na rasa…"

"Nahawu zai bi ki kabari ne? Miƙe!"

Ta gwada, ta kasa. Yaya ta danna gefen cikinta ta saki, ƙawata ta ƙwalla ƙarar da ban taɓa jin irinta ba. Yaya ta tare ƙofa da jikinta, ta dubi mushrifa ta ce mata da Larabci: "A ƙasarmu mutum ko yana shure-shuren mutuwa, haka zai amsa miki. Ladabi ne, ba labarin jikinsa ba. A kira mota yanzu."

A hanya kan ƙawata na bisa cinyata, hannunta ya yi sanyi, ta daina amsa sunanta. Duk jar fitilar titi da muka tsaya sai in ji kamar a nan za a ƙare. Addu'o'in da na haddace suka gudu, "Ya Allah" kawai nake maimaitawa. Yaya kuwa sai marin kumatunta take tana cewa, "Wallahi in kika mutu sai na saɓa miki."

Afendis ne. Likita ya ce saura ƙiris ya fashe, da an kai gobe da labari ya sha bamban.

Har yau ina tuna motar nan. A da na ɗauka ƙauna a tattausar murya take zuwa, da turare. Ranar na gan ta tana haki, da silifas wari da wari, tana zagin mara lafiya.

Ƙawata ta rama jarrabawarta, ta gama, ta yi aure a unguwar Shifa, yanzu ita ke riƙe da reshen. 'Yarta ta fari sunan Yaya ta ci. Da aka kai wa Yaya albishir a Damagaram cewa ta yi, "Allah ya sa kada ta gado bakina." Addu'ar ba ta ci ba. Bara na je gidan, yarinyar ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Larabci wai me ya sa Anti take tafiya kamar mai mafarki.