Mai Toka a Goshi

A tashar Dutse, gefen motar Kiyawa, Kaltumi na tsaye tana hararar ƙaton da ya bangaje ta ya haye kujerar gaba. Ya yi zanzaro, tumbi ya yi gaba, gumi na jan wata baƙar toka daga goshinsa zuwa karan hanci. Daga gani ma'aikacin sakatariya ne da ya baro iyali a garinsu.

"Malam, goge goshinka, ka kwaso datti," in ji ta.

"Ba datti ba ne, Hajiya. Yau Larabar Toka ce, a coci aka shafa mana. Alamar tuba ce da neman gafarar zunubi."

"To madalla. Da sassafe ka tuba, kafin hantsi ka ture mace mai ciwon gwiwa."

Ya dubi gwiwar, ya dubi kujerar. Sai ga shi yana saukowa da nishi, yana cusa tumbin nan a baya cikin mutum huɗu.

Kaltumi ta zauna a gaba, haushi ya cika ta. Zagin da ta tanada har Kiyawa, yanzu ba ta da wanda za ta sauke wa.