Mai Rushe Gida da Hantsaki

A bakin tashar Area 1 akwai wani mai gyaran agogo da nake gani duk la'asar ina jiran mota. Dattijo ne siriri, hularsa ta koɗe, tabaraunsa ɗaure da zare. Idan kasuwa ta yi sanyi sai ya ture agogunan gefe, ya fito da ɗan gidan da ya harhaɗa da bulon roba na wasan yara: ɗaki biyu da zaure da shuɗiyar ƙofa. Yakan jingina waya da gwangwanin madara, ya sa hantsaki ya cire bulo ɗaya, ya janye hannu, ya ɗauki hoto, sannan ya cire wani. Ko numfashi a hankali yake yi, kada teburin ya motsa.

Yau na kasa haƙuri. "Baba, ka sha wahalar gini, kuma kana rushewa?"

"Zo ka gani, ɗana."

Ya miƙo mini wayar. Ashe daga na ƙarshe zuwa na farko yake jera hotunan. Ina kallo katanga ta miƙe daga ɓaraguzai, rufi ya hau, ƙofa ta koma mazauninta, wata 'yar tsana mai jan kallabi ta tsaya a bakin zaure.

Ban tambaye shi unguwar da katafila ta shiga ba, balle wace ce mai kallabin. Ya karɓi wayarsa yana gogewa da bakin riga.

"Sakan tara ya ishe shi tashi," ya ce. "Gidan na gaske kuwa shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗora shi."