Kawu Sale da Ƙwayoyin Hanyar Tondibia

Unguwar Dar es Salam, biyar da rabi

Muna idar da sallar asuba na tare mana taksi, ni da Kawu Sale, za mu sunan jikarsa a Tondibia. Kawu tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shekara uku yana shan maganin tsinka jini saboda zuciyarsa. Ya tashi da ciwon gwiwa, ya faɗa wa direba, bai faɗa mini ba. Direban, wanda da alama a bayan sitiyari ya karanci likitanci, ya miƙo masa jajayen ƙwayoyi biyu, ya ce ko jaki ya sha sai ya yi rawa. Kawu ya haɗiye.

Goudel, shida da kwata

Nan muka sauya mota. Wani mai tallan magani, farantinsa ya sha rana ya ƙoshi, ya duba Kawu daga nesa ya gano masa cuta uku. Na ce, "Kawu, likitanka fa ya hana." Ya ce yaushe na fara koya masa karatu. Ya sayi biyu ya ƙara haɗiyewa, ni kuma na tsince takardun ƙwayoyin na jefa a jaka, har da ta direba.

Tondibia, bakwai da rabi

An raɗa suna, an kawo waina da shayi. Mai masaukinmu ya ji Kawu na kukan kai, ya ɗauko asfirin, don ba a barin baƙo haka. Kafin a sauke tukunyar rago, hancin Kawu ya ɓalle da jini. Muka matse, muka sa ƙanƙara, rabin awa bai tsaya ba. Likitocin safiyar nan duk babu ko ɗaya a kusa.

Asibiti, tara da minti goma

Ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ya sha. Kawu ya ce ɗan kaɗan. Na zazzage jakata a kan tebur. Ta jera takardun, ta ce launi ne kawai ya bambanta, dukansu masu ƙara tsinka jini ne.

"Baba, kafin ka sayi ko ƙwaya ɗaya, ka nuna wa mai farmasi wanda kake sha kullum."

Aka toshe hancin, aka ɗibi jini, aka riƙe shi har la'asar.

Gida, biyar na yamma

Mun iso lafiya, Alhamdulillahi, Allah ya saka wa baiwar Allahn nan ta asibiti. Kawu ya zauna da auduga a hanci, ya tara yaran gida, yana yi musu lacca a kan haɗarin shan magani barkatai.