Fatar Bakwaini

Ina zaune a barandar ɗakin bakwaini, shi kuwa yana tsaye ya ƙura wa gilashi ido. Ban san shi ba, amma hannunsa ya tona sana'arsa: gam ya bushe a faratansa, zare ya tsattsaga masa yatsu. Mai gyaran takalmi ne. 'Yarsa na cikin kwalba, jajir, har jijiyoyinta ana gani.

Nas tana yi masa bayani a hankali. "Malam, fata tun a ciki take farawa, shimfiɗa ɗaya, siririya. Wata bayan wata wasu ke hawa kanta, mai taurin ce ta ƙarshe. 'Yarka ta yi saurin fitowa, tata ba ta nuna ba. Kada ka shafa ta, za ta sale."

Sai ya ɓoye hannayensa a baya kamar wanda aka kama da sata. Ina jin ya shekara ashirin yana manna fata kan fata, yau ga wadda ta gagare shi.

Can ya miƙa damtsensa. "Sista, tawa mai kauri ce. Ba a yanka a ƙara mata?"

Nas ta sunkuyar da kai. Har yanzu hannun na miƙe.