Filashin Ubaidullah

A shekarar 2010 Malam Mas'ud ya fara haɗuwa da Ubaidullah, a Dareta, lokacin da gubar dalma ke ɗibar yara. Malam tsohon akawun asibiti ne, aikinsa rubuta sunan kowane yaro da sakamakon gwajin jininsa. Ubaidullah kuwa mai niƙa dutsen zinariya ne, hannuwansa duk kanta. Daga baya ya bar niƙa, ya dawo Anka ya koyi gyaran waya, har ya kai ga kwamfuta. Bai wuce aji uku na firamare ba, amma duk na'urar da aka fid da rai da ita shagonsa ake kai wa. Sirrinsa wani filashi ne, ɗan ma'ajin bayanai na kwamfuta, da yake ratayewa a wuya da zaren lilo, cike da manhajojin kyauta marasa nauyi, irin waɗanda kowa ke da izinin ɗauka ya gyara.

A daminar 2021 aka ɗauke sabis a faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Hanyar Gusau ba ta biyuwa sai da rakiyar sojoji. A makon nan kwamfutar Malam ta ƙi tashi. A cikinta akwai jadawalin yara ɗari huɗu da goma sha ɗaya da hotunan katunansu, aikin shekara goma sha ɗaya. Likitar da za ta ci gaba da duba yaran tana Gusau tana jiran bayanan, ayari kuma zai tashi ƙarfe biyu na ranar Laraba.

Ranar Larabar da hantsi Malam ya isa shagon. Batirin na'urar ya daɗe da mutuwa, sai da suka jira rana ta hau kan sola.

"Baba, wagga tsohuwa taka rabin giga gare ta na ƙwaƙwalwa," in ji Ubaidullah. "Wayar Inna ta ɗara ta."

"Ta girmi shagonka. Ka yi mata ladabi."

Ya fara gwada tayar da ita da manhajar Lubuntu. Ta fi sauran kyau da cikar kaya, amma nauyinta ya fi ƙarfin na'urar. Minti ashirin suna kallon allo, kibiya ta ƙi motsi. Ya koma Tiny Core, wadda ya fi alfahari da ita don ƙanƙantarta. Kafin Malam ya goge tabarau ta tashi, sai dai ɗaki ne babu ko tabarma: abin buɗe jadawali sai an sauko da shi daga intanet, intanet kuwa babu. Akwai antiX da ya so gwadawa, amma rabinta ya sauke aka ɗauke sabis.

"Saura guda," ya ce. "Puppy."

"Kwikwiyo? A kwamfutata?"

"Ba shi cizo, Baba. Cikin ƙwaƙwalwa yaka zama ɗungum, ba shi taɓa faifanka."

Sha biyu da rabi kwikwiyon ya tashi, ya ga faifan ajiya, ya buɗe jadawalin. Malam ya sauke numfashi. Ubaidullah na gangarawa da sunaye, sai yatsansa ya tsaya a layi na sha bakwai. Naja'atu Ubaidullah, shekara biyu, 'yarsa. Ita ce Malam ya goya a babur daga Dareta zuwa Anka cikin taɓo, ranar da ta fara jijjiga uban yana bakin rami. Yanzu tana aji biyu na sakandare. 

Faifan ya fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar mai sassaƙa, alamar ya kusa mutuwa. Dole a kwashe komai yanzu. To a ina za a zuba? Malam bai da filashi, shagunan da ke sayarwa a rufe, na Ubaidullah kuma manhajoji sun cika shi.

"A ɗauki jadawalin kawai," in ji Malam. "A bar hotunan."

"Likita za ta yarda da lamba ba kati?"

 Malam ya san ba za ta yarda ba.

"Je ka yi alwala, Baba, azahar ta kusa. Ni ina nan."

Da Malam ya dawo, filashin na kan tebur, an kwance masa zarensa. Ya sa shi a aljihun gaba, ya ɗaura maɓalli, ya kama hanyar tasha. Sai a Gusau, da likitar ta buɗe, ya ga babu komai a ciki sai yaransa ɗari huɗu da goma sha ɗaya, kowa da katinsa. Lubuntu, Tiny Core, Puppy, rabin antiX, duk an share.

A Anka kuwa, Ubaidullah ya zauna gaban tsohuwar na'urar, kwikwiyon na raye a ƙwaƙwalwarta kaɗai. Wajen la'asar hadari ya rufe rana, allon ya mutu, ya tafi da kwikwiyon. Ya ja ƙyauren shago, ya tafi tambayar ko akwai mai neman ɗan ƙwadago a gonar gero.