Neman Rance daga Kano zuwa Dagumawa

Wudil zuwa Kano

Ranar Litinin, ina idar da sallar asuba, na rataya jakata na nufi tasha, zan je banki a Kano neman rance. 'Yata Rabi ta shiga aji biyu a jami'ar nan ta garinmu, ranar Juma'a za a rufe rajista, ni kuwa ɗinkin da nake yi a kasuwa bai tara ko rabin kuɗin ba. Keken ɗinki ba ya sayuwa, da shi muke ci. Abu ɗaya na ƙudurta a raina tun daga ƙofar gida: ko me za a yi, gonar da mahaifinmu ya bari a Dagumawa ba za ta shiga wannan magana ba. Ita kaɗai ta rage mana.

Bas ta cika da wuri, aka matse mu hurhuɗu a kujera, kwandasta ya karɓi dubu ɗaya da ɗari biyar yana rantsuwa mai ya ƙara kuɗi. Muka haye gada masunta suna ta tura kwale-kwale. Shinge biyu muka tarar a hanya, ba wanda ya tsayar da mu da yawa. Kafin a buɗe banki ina bakin ƙofa, har na fi mai gadi sammako.

Shekara da shekaru ina ajiya a bankin nan, sai na ɗauka an san ni. Wani saurayi cikin kwat ya zaunar da ni, ya kira ni Baba, bai wulaƙanta ni ba ko kaɗan. Ya tambaye ni albashi, na ce babu. Takardar mallakar gida fa? Na ce gidan gado ne. Ma'aikatan gwamnati biyu da za su tsaya mini? Na ce waɗanda na sani duk ni nake binsu kuɗin ɗinki. Ya yi murmushi, ya ba ni haƙuri, ya ce tsarin ne haka. Na fito raina a ɓace, na sayi gurasa a tasha na kasa cinye ta. La'asar ta yi mini a Wudil.

Utai

Washegari da hantsi na hau acaɓa zuwa Utai, inda aka ce mini manoma suna da ƙungiyar taimakon juna. Kowane mako kowa yana zuba abin da ya sawwaƙa, wanda ya shiga matsi a ranta masa ba ruwa ko sisi. Ɗan acaɓan ya yi ta yabonsu a hanya har na fara jin kuɗin a aljihuna.

Shugabansu Malam Idi, dattijo mai barkwanci, ya sa aka dama mini fura kafin ya bari na buɗe baki. Da na gama bayani ya ce asusun ya tafi fadama gaba ɗaya, yana hannun masu tumatir da albasa, sai sun ɗebe amfani zai dawo. Ko da akwai ma, 'yan ƙungiya ne a gaba.

"Tela, ba a fafe gora ranar tafiya," in ji shi. "Ka shigo yanzu, baɗi war haka kai ma ɗan gida ne."

Gaskiya ya faɗa, amma baɗi ba ta biyan kuɗin Juma'a. Na yi godiyar fura na kama hanya.

Achika

Rana ta yi sanyi na isa Achika, gidan yayata Hansai, wadda ita ce uwar adashin matan unguwarsu. Ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna tana kallona har na ci na ƙoshi, sannan ta ce in faɗi abin da ya kawo ni, don tela ba ya rufe shago ranar Talata saboda zumunci kawai.

Da ta ji, sai ta yafa mayafi ta tafi wurin matar da kwasar wannan makon ta faɗo kanta, ko za ta yarda a yi musanya, Yaya ta ba ta nata zagayen daga baya. Ba ta daɗe ba ta dawo. Mijin matar yana kwance a asibiti, kuɗin ma tun kafin su zo hannu an gama rabon su. Yaya ta kwance bakin zane ta ba ni ɗan abin da take da shi, ta ce ba rance ba ne, na Rabi ne. Sannan ta ambaci Alhaji Ɗanlami na Dagumawa, mai ba da kuɗi ba ruwa.

"Amma ka san abin da yake karɓa, Habu," ta ce.

Na sani. A nan na kwana, da safe ta ƙulla mini gyaɗa ta raka ni har bakin hanya.

Dagumawa

A bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan taki na iso garin da aka binne cibiyata. Alhaji Ɗanlami ya karɓe ni hannu biyu, ya yi wa mahaifina addu'a. Shi jingina yake karɓa: ya ba ka kuɗi, ya riƙe gonarka yana nomawa, ranar da ka kawo kuɗinsa ka karɓi abarka. Ba na cewa ya cuce ni, mutumin kirki ne. Na zauna a zaurensa ina tuna alkawarin da na ɗauka, ina tuna Juma'a saura kwana biyu. Na ce na yarda.

Aka kira liman da mai unguwa su shaida. Liman ya tambaye ni, gonar da abin da ke cikinta? Rani ne, ni a tunanina babu komai a ciki sai karare. Na ce e. Aka shafa fatiha, kuɗi suka shiga jakata.

Da zan tafi sai na bi ta gonar don in yi mata kallon sallama. A nan na ga ɗorawa biyun da ke bakin iyaka, sun yi 'ya'ya sun sunkuyo. Waɗannan na mahaifiyata ne. Kowace bazara Inna takan sa a kawo ta daga Wudil ta tsaya a kan kaɗarsu, ta fitar da kalwa ta dafa daddawa, da ita take sayen goronta da sabulunta ba ta roƙi kowa ba. A ƙauye ko yaro ya san in za a jinginar da gona ana cire itace da baki a gaban shaidu. Ni da na tsufa a kan keken ɗinki, abin bai ko faɗo mini ba.

Na koma da sauri. Alhaji ya saurare ni har na gama, ya ce shi har da itatuwan ya yi wa gonar kuɗi, amma in ina so a cire su, sai in mayar da wani abu a sake kiran shaidu. Ya faɗi adadin. Na lissafa a zuci, har da na Yaya Hansai, na ga rajista ba za ta biyu ba. Daga nan na ce a bar shi yadda yake. Na farko kuskure ne, wannan kuwa da sanina na yi, shi ya fi ci mini rai.

Komawa gida

Ana kiran magariba acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ina kuma gode wa duk wanda ya shimfiɗa mini tabarma a wannan tafiya. Rabi ta karɓi kuɗin da hannu biyu tana hawaye, ban bari ta ga fuskata sosai ba.

Bayan salla na shiga ɗakin Inna na durƙusa, na faɗa mata komai ban rage ba. Na so ta yi faɗa, da na ji sauƙi. Sai ta tambaya ko kuɗin yarinyar sun cika, na ce sun cika. Ta ja carbinta.

"To, Allah Ya yi mata albarka," ta ce. "In ka koma, ka gaya wa iyalin Alhaji kada su yi wa ɗorawar gabas gaggawa. Ba ta nuna da wuri, in aka kaɗe ta ɗanya kalwar ba ta daddawa."

Na ce to, Inna. Har yau ban iya kai saƙon ba.